Akori-kurar da Aka Bari a Gindin Mangwaro

A Jiwa na girma, a hannun kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya. Ba ta jira a ci abinci kafin ta yi mana tatsuniya. Da an idar da magariba, tukunyar tuwo na kan murhu, sai mu jikoki huɗu mu kewaye ta a madafa. Da damina ruwa kan bugi kwanon rufi har sai ta ɗaga murya. Hausarta ta koyo ce, don haka mota namiji ne a bakinta, kuma ba wanda ya taɓa gyara mata.

"Ku matso, ga wata ta iso," in ji ta.

"Ta zauna mu ji," mu amsa.

Mun fi son tatsuniyoyin kura da zomo. Amma kowace shekara, da an yi ruwan farko, akwai guda ɗaya da ba ta fasawa: labarin direba Ɗanjuma da matarsa Kande.

Ɗanjuma yana da tsohuwar akori-kura, ita kaɗai ce mota a ƙauyensu. Da damina ta yi nisa rafi ya yanke hanya, sai ya ajiye ta a gindin mangwaro ya koma gona. Ko ragowar gyaɗar da ta zube a bayanta bai share ba. Kande ta yi ta ce masa ya riƙa tayar da inji ko sau ɗaya a mako. Iya takan ƙanƙance ido ta kwaikwayi muryarsa: "Ke Kande, ƙarfe ne fa. Ba ya jin yunwa, ba ya jin sanyi."

Wata uku motar na nan. Da ruwa ya ja, matan ƙauyen suka tsinke tumatirinsu gaba ɗaya a rana guda, don Ɗanjuma ya yi alkawarin kai su kasuwa. Da hantsi aka gama loda kwanduna. Ya murɗa makulli, shiru. Aka tura, shiru. Da ya ɗaga bonet sai ga sheƙar ɓeraye a kan inji, sun cinye wayoyi, kan batir ya yi farin gari, tayar baya ɗaya kuma ta kwanta a laka. Kafin a samo bakanike kwana biyu sun wuce. Matan suka yanka abin da ya yanku suka shanya, sauran aka zubar a bayan gari.

A nan Iya takan rage murya, ta dawo kan Kande. Da wata daminar ta zo, Kande ba ta tsaya yi masa mita ba. Ta share bayan motar tas, ta sa aka turo ta kan tudu nesa da bishiya, ta shimfiɗa katako a ƙarƙashin tayoyi, ta rufe ta da tamfol. Ta sa Ɗanjuma ya nuna mata yadda ake cire kan batir a goge shi, da yadda ake zaro sandar baƙin mai a duba. Ran Juma'a kuwa ba ta zuba masa abinci sai ta ji ƙarar inji.

"Mota in ya tsufa, ba ya son a manta shi," in ji Iya. "To, nan ta tsaya. Kowa ya ɗauko kwanonsa."

Yayana Bala ya taɓa cewa, "Iya, wannan ai ba tatsuniya ba ce. Ko kura babu."

"Akwai ɓera," ta ce, ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

Sai bayan rasuwarta, ina aji na ƙarshe a kwalejin horon malamai, mahaifiyata ta gaya mini cewa Kande ita ce Iya, Ɗanjuma kuma kakanmu ne da ba mu taras ba. Ta ce akwai abin da Iya ba ta sa a labarin ba: ita ce ta bi gida-gida ta ce wa matan su tsinke, motar mijinta za ta kai su. Wasu cikinsu shekara guda ba su amsa gaisuwarta ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Da ina yarinya na ɗauka labarin rago ne da ɓeraye. Ashe abin da ya ci mata rai shi ne ta ba mutane tabbaci a kan abin da ba ta duba da idonta ba.

Yanzu ina koyarwa, ina zaune a Jikwoyi da wata tsohuwar mota da na saya hannu na uku. Yaran maƙwabta uku nake ɗauka zuwa makaranta tare da nawa. Kafin ruwan farko nakan sa a liƙe ramukan ƙusa a rufin gida, a yashe magudana, sannan in kai motar gareji. Bana ina tsaye a kan bakanike na ce ya canza robar waifa mai share gilashi, ya duba birki da ruwan lagireto, ya kuma leƙa wayoyin da ke bayan batir.

Ya ɗago kai ya dube ni. "Madam, wa ya koya miki aikinmu? Oga ne?"

Na ce, "Kakata ce. Ita kuwa har ta rasu ba ta taɓa riƙe sitiyari ba."