Hannun Gilashin Yana Aljihun Yayan Mijina

Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karatu. A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, ni yarinyar mace ce a gidan aure a Bakura, da ɗiya guda. In ka tambayi matan unguwarmu a lokacin, za su ce maka ba a taɓa kawo mace mai kunyata gidan nan ba. Da wannan ake yabona, ni kuma kaina na ƙara girma kamar an naɗa mini sarauta. Ban taɓa ɗaga ido na dubi yayan mijina ba, balle in yi masa magana in ba gaisuwa ba, ita ma a durƙushe, kai a ƙasa. Ɗiyata kuwa, da yake 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko yarinyar nan. Tun da aka yaye ta uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ɗauke ta ta koma ɗakinta kamar yadda aka saba. Inna ta zama uwarta, ni kuma yarinyar tana ce mini Adda, a zatonta ni yayarta ce. In ta faɗi a tsakar gida ta fasa gwiwa, sai in ci gaba da tankaɗena kamar ban gani ba, har wata ta zo ta ɗaga ta.

Mijina lebura ne a wajen haƙar hanyoyin ruwa, ya fita tun da safe sai magariba. Yayansa, Alhaji, shi ne babban gidan, kuma shi ya samu kwangilar kai wa ma'aikatan dam abinci. Da abin ya karɓe shi sai ya sayi tsohuwar motar wani Bature da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, doguwa, irin mai fili a baya inda ake zuba kaya. Kai, mun ga iyayi a gidan nan! Kullum sai an wanke ta an goge, an sa mata labule mai tuntu, an fesa turare a kujeru. Wanda ya jingina da ita ya shiga uku. Amma a ƙarƙashi ruɓaɓɓiya ce. Salansarta a fashe take, da waya aka ɗaure ta. Ƙasan bayan nan tsatsa ta cinye shi har ana hango hanya ta wani rami, sai aka shimfiɗa tabarma a kai. Batir ya mutu, ba ta tashi sai an tura, shi ya sa tun mutane ba su fito ba yake sa a tura ta a lungun bayan gida. Mijina ya taɓa gaya mini bakanike ya yi wa Alhaji maganar salansar, ya ce masa salansa ba ta hana mota tafiya, ƙarar ma ita ke sanar da mutane ga shi nan tafe.

Abin da ya fi ba ni ƙyama idan na tuna shi ne maganar gilashi. Alhaji ya ga Turawan dam suna wucewa gilashi a rufe saboda motocinsu na da iyakwandishan, shi ma sai ya so a ce tasa haka take, alhali na tasa ya daɗe da mutuwa. Don kada wani ya kunyata shi ya sauke gilashi a cikin gari, sai ya sa aka kwance hannayen da ake murɗawa a sauke gilashin, duka, ya riƙe guda a aljihun rigarsa. Wanda ke son iska sai ya roƙe shi. Babban mutum da gemunsa, yana gasa mutane a cikin ƙarfe don a ce da shi mai mota mai sanyi. Tir da wannan hali.

Ranar da abin ya faru, ƙanwar mijina ce ta haihu a Maradun, za mu suna. Bazara ce, rana tun hantsi ta fara dukan mutane. Alhaji na tuƙi, Inna na gaba kusa da shi, ni da wata gwaggon mijina muna kujerar tsakiya da ƙullin kayan barka a cinyoyinmu. Ɗiyata, wadda a lokacin ba ta isa shiga makaranta ba, aka ɗora ta can baya kan tabarmar nan, tsakanin ƙoren fura da buhun shinkafa. Murna take yi za ta shiga mota, an yi mata kitso, an sa mata kwalli. Muna fita gari ta fara waƙe-waƙenta, duk babbar motar kamfanin dam da ta wuce sai ta yi mata tafi. Can ta miƙo hannu ta bayan kujera tana jan kallabina don in juyo in gani. Na ture hannun ba tare da na waiwaya ba, don Inna na iya hango ni ta madubi.

Kafin mu kai Talata Mafara kaina ya fara sarawa, wani wari mai ɗaci na shigowa daga baya yana haɗuwa da turaren kujeru. Ranar kasuwa ce, gari ya cika. Alhaji ya tsaya daidai gaban rumfar wani abokinsa, inda jama'a suka fi yawa, ya ce zai gaisa ya dawo yanzu, kada wanda ya buɗe ƙofa, maza sun yi yawa a wurin. Bai kashe motar ba. Ina zai kashe ta, a gan shi ana tura shi a tsakiyar kasuwar Mafara? Ya bar ta tana ruri, gilashi a rufe, mu a ciki. Gaisuwar mutanenmu kuwa kun san ta. A tambayi gida, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a koma a sake daga farko, wannan ya tafi wancan ya zo. Ina hango shi an shimfiɗa masa buzu, har an kawo masa ruwa yana sha, mu gumi na zuba kamar an watsa mana ruwa.

A nan ne yarinyar ta daina waƙa. Na ji muryarta ƙasa-ƙasa tana kiran Adda, tana cewa kanta na ciwo, tana jin amai. Wallahi na ji ta, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Na jira Inna ta amsa, tunda ita ce uwa a idon duniya, sai na ga Inna na gyangyaɗi, kanta na faɗuwa kan ƙirji. Na taɓa gwaggo na raɗa mata cewa yarinyar nan ba ta jin daɗi. Gwaggo ta dube ni sheƙeƙe, ta yi 'yar dariya, ta ce zafi ne kawai, barci zai ɗauke ta, sannan ta tambaye ni yaushe na fara kula da 'yar fari, ko yau kunyar ta ƙare ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe fuska.

Har Alhaji ya dawo sau ɗaya, ya buɗe ƙofarsa ya sunkuyo zai ɗauki goro. Ga hannun gilashin nan ya leƙo daga aljihunsa, da na miƙa hannu zan taɓa shi. Na shirya maganar a bakina, gajeriya ce, a taimaka a sauke gilashi yarinya ba ta da lafiya. Amma in yi wa yayan miji magana, a kan 'yar fari, a gaban uwar miji? Na sunkuyar da kai. Ya ɗauki goronsa, ya mayar da ƙofa ya rufe, ya koma kan buzunsa.

Da muka kama hanyar Maradun ba a ƙara jin motsi daga baya ba. Na ce wa raina ta yi barci, gwaggo ta yi gaskiya. Ni kaina ido na lumshewa, hanya na rabuwa biyu a gabana. Muka isa ƙofar gidan suna, mata suka fito da guɗa, Alhaji ya kashe mota yana washe baki. Gwaggo na fita ta dafa bango ta fara kelaya amai. Inna sai da aka riƙe ta. Aka ɗaga ƙofar baya don a sauke fura, sai ga ɗiyata kwance, tabarmar ta zame, fuskarta daidai bakin ramin nan. Wata ta ce a tashe ta ta sha barci. Aka taɓa ta, aka girgiza ta, hannunta ya faɗi kamar tsumma.

Ban san lokacin da na kurma ihu na kira sunanta ba. Sunan da tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba, ranar na kira shi har sai da muryata ta dushe, ba ta amsa ba. Alhaji na tsaye a gabana yana tambayar mene ne, na sa hannu biyu na ture shi, na sungume ta. Aka sheƙa mata ruwa, ko gezau. Tsofaffin gidan suka ce iska ce, mun ratso ta kusa da ruwan dam da tsakar rana, a kawo garwashi a yi mata hayaƙi. Ku ji fa, hayaƙi! Allah ya kawo wani maƙwabcinsu direban kamfani da a-kori-kura, ya ce a bar wannan shirme a kai ta asibiti. Alhaji ya ce shi zai kai ta, ya shiga motarsa ya murɗa makulli, ta ce ba ta san zancen ba. Muna barin unguwar a bayan a-kori-kurar nan, ɗiyata a ƙirjina, iska na dukanmu, na hango 'yan suna da manyan rigunansu suna tura motar Alhaji a gaban kowa da kowa. Turin da ya guje wa a Mafara ke nan.

A asibitin Talata Mafara likita ya tambaye ni inda ta zauna da yadda motar take, na faɗa masa komai. Ya ce hayaƙin mota na ɗauke da wata guba da ba a ganinta, ba a kuma jin warinta, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iska, kuma ƙananan yara take fara kayarwa. Ya ce ciwon kai da amai da gyangyaɗin da muka yi duk ita ce, abin da muka ɗauka barci suma ce. Ya ce da an buɗe gilashi ko an fito da ita tun da ta fara kuka da kai, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Bai san da wadda ta ji kukan nan ta ƙyale yake magana ba. Ta farfaɗo bayan kwanaki, mun gode Allah, amma ba yarinyar da ta shiga motar ce ta fito ba. Maganarta ta yi nauyi, hannunta na rawa, abin da aka koya mata da safe kafin azahar ya gudu. Waƙar nan ba ta ƙara yin ta ba.

To ku ji abin da ya biyo baya, don shi ne har yau yake tayar mini da zuciya. Alhaji ya ce ƙaddara ce, ya yanka rago ya yi sadaka, ya rataya laya a madubin mota, salansa kuwa ko taɓa ta bai yi ba. Na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta kwance hannayen gilashi ta sa a aljihu ba. Mijina ya yi kuka a ɗaki, a gaban yayansa kuwa bai iya cewa uffan ba, shi ma kunyar ce. Matan dangi kuma ba zancen yarinyar suke yi ba. Zancensu shi ne matar wane ta kira sunan 'yar fari a bainar jama'a, har ta sa hannu ta ture yayan mijinta, ashe duk kunyar nan ta ƙarya ce. Gwaggon nan da ta yi amai a jikin bango ita ce ke yawo da labarin gida-gida. Inna kaɗai ce ta kamo hannun yarinyar ta kawo ta ɗakina, ta ce in riƙe abata, ta fita tana share ido.

Ba a yi nisa ba wani biki ya taso, na leƙo na ga ana ɗora yaran gidan a bayan motar nan, kan tabarmar nan dai. Na fita har ƙofar gida ba mayafi, na sauke su ɗaya bayan ɗaya, na dubi Alhaji ido cikin ido na ce masa ya gyara salansarsa ya mayar da hannayen gilashi, ko ya ɗauki iyayinsa shi kaɗai. Daga ranar sunana ya koma marar kunya a gidan, kuma ban taɓa jin sunan da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Masu mota, don Allah ku ji tsoron Allah. Wanki da turare ba gyara ba ne. In salansa ta fashe ko ƙasan mota ya huje, a gyara kafin a ɗauki ɗan kowa. Kada a bar mutane a mota tana ruri gilashi a rufe, ko da gaisuwa za a yi. In yaro ya ce kansa na ciwo a mota, ko ya yi lamo ba dalili, a tsaya a fito da shi ya sha iska, kada a ce barci ne. Ku kuma 'yan'uwana mata, ban ce ku zubar da kunya ba, tana da wurinta. Amma in ran ɗanki na hannun wani, ko wane ne shi, buɗe baki ki yi magana, masu yabon kunyarki ba za su taya ki jinya ba.

Alhaji ya rasu, Inna ta rasu, motar tuni aka sayar da ƙarafunanta. Ɗiyata na nan tare da ni, har furfura ta fara fito mata, ni ke yi mata kitso. Yanzu sunanta nake kira daga safe har dare, da ƙarfi, a gaban kowa, ko ba abin da zan ce mata. Takan juyo ta yi murmushi ta amsa. Har yau Adda take ce mini.