Maiwada da Rariyar Gidan Kakansa

Maiwada manomin gyaɗa ne a Gaya, mutum mai sanyin hali in dai ba a taɓo masa zancen rariya ba. Gidan da yake ciki na kakansa ne, kuma tun zamanin tsohon rariya ɗaya ce ke kwashe komai, ruwan indararo da na wanke-wanke da na makewayi. Da rani lafiya lau. Amma da damina ta kankama ruwan sama ya cika ta, sai ƙazantar ta juyo ta malale tsakar gida. Matarsa Zaituna ta tattare zani tana tsallake-tsallake da tukunya a hannu, shi kuma yana tsaye da sanda yana zungura yana ƙwafa.

Wata shekara bayan an cire gyaɗa ya ce ya gaji. Ya haƙa rami a bayan makewayi, ya jera duwatsu, ya rufe, ya juya ruwan ƙazanta can. Tsohuwar rariya ya bar wa ruwan sama shi kaɗai. Daminar nan har tabarma yake shimfiɗawa a tsakar gida in ruwa ya ɗauke.

Sai ƙanensa Kamilu ya yi aure, ya gina banɗaki a sashensa. Ana yin ruwan farko wari ya dawo. Maiwada ya bi rariyar da fartanya, sai ga sabon bututu an cusa a ciki.

"Kamilu! Wannan aikin waye?"

"Yaya, ai ita na ga ta fi kusa. Ruwa ai duk ruwa ne."

"Duk ruwa ne? To ɗebo ka yi alwala mu gani!"

Kamilu ya sosa ƙeya, ya ce zai gyara bayan shuka. Aka yi shuka, ya ce sai bayan noman fari. Ranar kasuwar Ajingi da Kamilu ya hau mota ya tafi, Maiwada ya ɗauki diga ya tone bututun, yana haƙa yana faɗa shi kaɗai, har ya kai shi ramin baya.

Kamilu ya dawo da yamma ya dubi aikin.

"Kai Yaya, sannu! Dama ƙanenmu Abba ma ya ce zai yi nasa banɗakin bana."

Maiwada ya yar da digar, ya fice ko ƙafa bai wanke ba.