Gwaggon Tahiru da Raƙumar Baba Modu

Tahiru taubashina ne, wato bawana. Tun muna lakwal, wato makarantar boko, a Gure kansa ya fi tulu girma. Ni na tsere daga aji huɗu, shi ya zarce har Zinder, ya dawo da kwamfutar da muke kira ordinata, da rama.

Shi ya yi wa ƙungiyar makiyayanmu shafin cigiyar dabbobi. Ya ce akwai wani mazubi can cikin babban inji, kamar abin buga tubali: a zuba bayanin dabba, shafi ya fito. Ya kuma girka wata manhaja mai karance rubutunsa duk lokacin da zai haɗa aikin, in ta ga aibi ta hana shi fita. Na raɗa mata suna Gwaggo.

Sai raƙumar Baba Modu ta ɓace, ita ke nan gare shi, nononta jikokinsa ke sha. Yakura, sakatariyar ƙungiya, ta shigar da cigiya. Shaidar wutar da ke wuyan raƙumar kan kibiya ce da sanda, sai ta zana ta da alamar < da harafin I. Shafi ya ɗauka umarni aka ba shi, ya haɗiye shaidar da duk abin da ya biyo baya. Kwana uku duniya na karanta "raƙuma fara" kawai. Farare kuwa a ƙasarmu sun fi yashi yawa.

Tsoho ya zo ya tsuguna bakin ƙofar Tahiru. Tahiru ya kasa cin tuwo.

Na ce, "Bawa, Gwaggon taka barci take?"

Ya ce, "Laifina ne. Ban nuna mata inda mazuban suke ba, ba ta taɓa leƙa su ba."

Layi biyu ya ƙara a takardar saiti, ya sake haɗawa. Gwaggo ta tashi da masifa! Aibi goma sha tara, ni dai na ga kamar dubu. Na farko shi ne wurin da ake zuba rubutun mutane ba tacewa. Ya bi su ɗaya ɗaya har la'asar, gumi na ɗiga a haɓarsa, kafin ta bar shi ya wuce.

Kwana biyu bayan nan wani mai awaki a Kelle ya ga shaidar a wayarsa, ya kira, aka je aka karɓo raƙuma.

Baba Modu ya kawo cuku faifai guda, ya ce a kai wa baiwar Allahn nan Gwaggo, a gaishe ta da aiki. Tahiru ya buɗe baki zai yi bayani, na taka masa ƙafa.

Na ce, "Baba, ni zan kai mata da hannuna."