'Yar Tsanar da Aka Kawo daga Jidda

Ranar ƙaramar salla ce, a gidan surukata da ke unguwar Mansur a Makka, inda dangi kan haɗu kowace shekara bayan an sauko daga idi. Ni haifaffiyar Kano ce, aure ne ya kai ni Makka. Mijina kuwa a can aka haife shi, shi da 'yan'uwansa duka, don kakansu ne ya je aikin hajji ya zauna. Suna jin Hausa, amma rabin maganarsu Larabci ne, musamman autarsu, wadda a lokacin take aiki a Jidda, ba ta yi aure ba, kuma ba ta zuwa gida hannu rabbana.

Yara sun gama zagaya manya suna karɓar barka da salla, sai ga ta ta shigo da manyan ledoji. Ta kira 'yata ta fari, mai shekara shida, ta miƙa mata wani dogon kwali mai gaban leda. Yarinyar ta yi ihu, ta rungume ƙafafun gwaggonta, ta zauna a tsakiyar ɗaki tana yagar kwalin da haƙora.

Da aka zaro abin da ke ciki, sai na matsa kusa na duba. 'Yar tsana ce, amma ba jaririya ba ce, ba kuma yarinya ba. Mace ce baliga aka ƙera. Leɓɓanta manya, an shafe su da jan baki mai ƙyalli, an turo su gaba. An zagaye idanunta da kwalli har ya doshi kunne, kuma an yi su a lumshe, irin kallon da ban san sunan da zan ba shi a gaban yara ba. Ƙugunta kamar a kama da yatsa biyu. Rigar ta tsaya sama da cibiya, siket ɗin kuwa ban ga amfanin ɗinka shi ba. Hatta ƙafafunta a ɗage aka yi su, ba za ta iya taka ƙasa ba sai a cikin takalmi mai tsini.

Na ɗauki kwalin na juya bayansa. Akwai hotonta ita da ƙawayenta, amma wani ya bi da baƙin alƙalami mai kauri ya shafe musu cinyoyi da kafaɗu, kamar yadda ake yi wa kwalayen kaya da yawa a shaguna a wancan lokacin. Wato akwai babban mutumin da ya duba hoton ya ga bai dace idon baligi ya faɗa a kansa a kasuwa ba, ya zauna ya ɓata lokacinsa yana shafewa. Abin da ke cikin kwalin kuma ya bar shi yadda yake, don a kai wa 'yar shekara shida ta kwana da shi. A ƙasan kwalin an rubuta cewa ya dace da ƙananan yara.

Ranar salla ce, kyauta ce, kuma a gidan surukai nake. Na yi godiya kamar kowa. A mota na yi wa maigida magana, ya yi dariya ya ce, "Roba ce fa. Nan da sati biyu ta cire mata kai ta jefar."

Ba ta cire mata kai ba. A waɗancan shekarun azumi a tsakiyar zafi yake faɗowa, makarantu a rufe, kuma a Rusaifa inda muke zaune ba yaron da zai leƙa waje da rana. Yara a ɗaki suke wuni ƙarƙashin na'urar sanyi. Yarinyar nan ta wuni da 'yar tsanar, ta taje mata kai, ta kwantar da ita a kan matashinta, ta shiga da ita banɗaki. Ni ma na yi wasan 'yar tsana ina yarinya. Tawa ta kara ce, muna ɗaura mata tsumma, mu goya ta, mu yi mata fanke da ƙasa, idan ta yi kuka mu lallashe ta. Mu ne iyaye, ita ce 'ya. Wannan kuwa ba a goya ta, ba a ba ta abinci. Ita ce babba, yarinyar ce take kallon ta tana koyo.

Abin da ya fara tayar mini da hankali abinci ne. 'Yata mai son tuwon shinkafa ce da miyar kuka, har Mansur nake zuwa in sayo kuka da daddawa saboda ita. Wata rana na zuba mata, ta ci loma biyu ta ture kwanon. Na taɓa goshinta, ba zazzaɓi. Washegari haka, jibi haka. Sai rannan na shiga ɗaki ɗauko guga, na tarar da ita a gaban madubi ta ɗauke numfashi, ta shanye cikinta, tana kallon kanta ta gefe, 'yar tsanar na tsaye a jingine da madubin.

Na ce, "Me kike yi?"

Ta saki numfashi ta ce, "Mama, cikina ƙato ne. Ita ba ta da ciki."

Cikin yara ne, irin wanda kowane yaro mai lafiya yake da shi. Haƙoranta na gaba ma a lokacin suka fara girgiza. Na zaunar da ita a cinyata na yi ta bayani, na ce wannan roba ce, ba ta cin abinci, ba ta da hanji, ba mutumin da Allah ya halitta haka. Ta gyaɗa kai, amma idonta na kan madubi.

Da yamma na kira gwaggonta a waya, na faɗa mata cikin lallami. Ta ce, "Adi, Yaya, ba komai ba ne. Duk yaran Jidda da ita suke wasa. Idan kayan ne suka dame ki, ki ɗinka mata abaya, khalas, shi ke nan."

Na ɗauki shawarar, don ba na son rigima. Na yanki tsohon baƙin mayafina na ɗinka mata abaya da ɗan lulluɓi. Yarinyar ta yi murna ƙwarai, sai dai ba irin murnar da nake nufi ba. Sabon wasa ta samu. 'Yar tsana za ta sa abaya ta shiga mota, wato akwatin takalmi, ta isa gidan biki, wato ƙarƙashin tebur, sai a fizge abayar a yar, ta fito tana juyi. Ban rufe komai ba, ƙarin kaya kawai na yi mata.

Sai wata Juma'a da muka je cin abincin rana gidan surukata. Maza na can ɗakin baƙi, mu mata muna ciki mun baje, ana shan shayi. Na lura yarinyar ta ɓace, na ɗauka tana wajen sauran yara. Can sai muka ji ƙwas-ƙwas a kan tayil. Ta shigo sanye da dogon takalmin gwaggonta, ta buɗe jakarta ta dambara jan baki har haɓa. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta ɗora hannu a ƙugu, ta karkatar da kai, ta turo baki. Tsayuwar hoton bayan kwalin nan ce, ba abin da ta rage.

Ɗakin ya kaure da dariya. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce, "Mashallah, arusa!" wato amarya. Wayoyi suka tashi sama, ana ɗaukar hoto. Ana ce mata ta juya, ta sake, ta ɗaga kai. Ita kuma tana ta yi, fuskarta cike da jin daɗi, don ba a taɓa yi mata tafi haka ba, ko ranar da ta haddace surar da ta ba ta wahala.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗauke ta daga cikin takalman, na sa gefen mayafina na goge mata baki. Na juya wajen gwaggonta, na ga tana danna waya tana murmushi.

Na ce, "Ina kike turawa?"

Ta ce, "Gurup na dangi mana."

A gurup ɗin nan akwai maza, akwai samari 'ya'yan kawunnai na Jidda da Madina, akwai waɗanda ni ban taɓa gani ba. Na ce, "Ki goge. Yanzu. Duk wadda ta ɗauka ta goge."

Gwaggon ta ajiye wayar a cinya ta dube ni. "Haram alaiki, ki ji tsoron Allah, Yaya, yarinya ce tana wasa. Ke ce kike ganin wani abu a ciki, mu ba mu gani ba."

"Idan ba ki ga komai ba, me ya ba ki dariya? Da ta shigo da goyo a baya, za ki ɗauka ki tura?"

Ranta ya ɓaci. Idan ta yi fushi Hausar guduwa take yi, sai ta haɗa da Larabci. Ta ce in daina ɗora wa roba laifi. Ta ce, "Mu me muke sawa a gidan biki idan an rufe ƙofa? Ke me kika sa a bikin 'yar yayarmu? Ba ta gan ki ba? A wajenmu ta koya, ba a wajen 'yar tsana ba."

Maganar ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta. Amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Na ce, "Ni matar aure ce, na haihu, na san abin da kwalliya take nufi da wanda nake yi dominsa. Kuma in na dawo daga biki wanke fuskata nake yi, ta gan ni da zani da tumbina ina tuƙa tuwo. Waccan ba ta wanke fuska. Kullum haka take, a kan matashinta, tana gaya mata haka mace take. Kin san ta daina cin abinci?"

Surukata ce ta raba mu. Tsohuwa ce mai kaifi, ba ta cika magana ba. Ta ce wa 'yarta da sauran, "Ku goge, uwarta ta ce ku goge." Sannan ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma dubi 'yarki." Na duba. Tana maƙale a bayan ƙofa tana kuka marar sauti, jan bakin ya ɓata mata kumatu. Ta ɗauka ita ce ta yi babban laifi. Wannan ya ƙara mini takaici fiye da komai. Manya suka ƙera abu, manya suka sayar, manya suka saya, manya suka yi tafi, amma ita ce a bayan ƙofa tana jin kunya. Na ɗauke ta na yi ta gaya mata ba ita ba ce, ba ta yi komai ba.

Hoton ya riga ya shiga gurup kafin a goge, maigida ya gani a ɗakin baƙi, a gaban 'yan'uwansa. Da muka tsaya a ƙofar gida sai ya ce, "Ki yi yadda kika ga dama da ita." Na so ya faɗi haka da bakinsa ga ƙanwarsa, amma bai taɓa yi ba.

Ban sace ta a ɓoye in ce ta ɓata ba. Washegari da safe na zaunar da yarinyar na ce mata wannan 'yar tsanar ta manya ce, an yi kuskure aka ba ta, za mu mayar wa gwaggo. Ta yi kuka, ta yi birgima, ta ce ba ta sona. Na bar ta ta yi. Na sa 'yar tsanar a leda na ba maigida ya ajiye a gidan mahaifiyarsa.

Bayan la'asar na ɗauke ta muka tafi shagunan kayan wasa na unguwar Zahir, in saya mata wata. Nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Jeri bayan jeri, irinta ne, wasu ma sun fi ta. Akwai masu abaya, amma na ɗaga ɗaya na duba, jikin dai shi ne. Na tambayi mai shagon ko yana da wadda take kama da yarinya. Ya tono wata jaririya mai ƙura daga can ƙasa, ya ce, "Hajiya, waɗancan ake nema. Lokacin hajji alhazanku ma katan-katan suke saya, tsarabar yara." Na tsaya ina tunanin akwatunan da ake buɗewa a Kano da Damagaram, a zaro dabino da zamzam da carbi, sannan a zaro wannan a miƙa wa jika, a ce daga Makka take.

Yarinyar ta ƙi jaririyar, ta ƙi komai. Muka dawo hannu wofi tana tura baki. Abincin ma bai dawo nan da nan ba. Sai da aka koma makaranta, ta shiga guje-guje da ƙawaye, take dawowa da yunwa, sannan ta koma sharce kwano kamar da. Turo bakin nan idan za a ɗauki hoto kuwa ya daɗe bai bar ta ba.

Gwaggonta ta daina yi mini magana har babbar salla ta wuce. Gaisuwa kawai, ita ma a tsaye. Sai da na haifi ƙanin yarinyar ta zo barka, ta zauna a bakin gado ta karɓi jariri, muka yi hira kamar ba abin da ya faru. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. Daga baya ta yi aure a Jidda, ta haifi mace. Mun kai mata ziyara lokacin da yarinyar ta fara tafiya da kyau, na leƙa ɗakinta, na tarar da irin 'yan tsanan nan jere a kan kantar ɗakin, masu jan gashi da masu farin gashi, kowacce da siket ɗinta. Ta ga ina kallo, ta ce, "Yaya, kada ki fara." Na ce ban ce komai ba. Na sha shayina, na yi wa yarinyar wasa, raina yana tafasa har muka hau hanyar Makka.