Gansakukar Kusurwar Gabas

Jama'a, wallahi ba ji na yi ba, a kaina ya faru, shekarun baya lokacin ina aikin lambun wani Alhaji a bayan Gagarawa, kullum in taso daga Gumel a kan tsohon mashin ɗina. Da wannan aikin kaɗai nake ci da gidana.

A tsakiyar lambun akwai ƙaton kududdufin siminti da muke tara ruwan ba shuka. Gansakuka ta addabe shi, ka kwashe yau, jibi ta dawo kore shar, ta toshe bututu, tumatir ya yi ta yaushi. Kai, na gaji, har yau bayana bai koma daidai ba. Baba Tanko, tsohon da na gada a aikin, ranar da zai tafi ya ce, "Ɗana, kwashe ko'ina, amma ka bar kusurwar gabas, akwai masu shan inuwa a nan." Na ce to Baba, a raina kuwa na ce tsufa ne.

Ina dai barinta, sai ran nan Alhaji ya gani, ya ce in ya dawo Juma'a ya tarar da ko ɗigon kore, in nemi wani aikin. To ya zan yi? Da tsakar rana na zuƙe ruwan kaf, na kankare kusurwar da shebur, ko bismillah ban yi ba don haushi.

Washegari maiɗakina ta ce, "Malam, zo ka gani." Randar da ta wanke jiya, a rufe da faifai cikin ɗaki, cike da gansakuka, alhali kowa ya san ba ta fitowa sai inda rana ke bugu. Muka sake randa, haka. Buta ma haka. Kwana uku a maƙwabta muke shan ruwa, kududdufin kuwa tas kamar an wanke kwano.

Na bi Baba Tanko har Sule Tankarkar. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Ka rushe musu, sun bi ka gida. Mayar da su." Ranar Alhamis na kwashi ta randar a bokiti, na yi sallama, na juye a kusurwar. A ranar ruwan gidana ya washe. Juma'a Alhaji ya zo ya ga kore, ya sallame ni, na hau mashin ɗina na tafi, na gaji da komai.

Ni dai ban san ko su wane ne ba. Amma in tsoho ya ce ku bar wuri, don Allah ku bar shi. Wanda aka ɗauka a madadina, bayan wata biyu na gan shi a kasuwar Maigatari yana taya randa. Ya ce ta huɗu ke nan.