Ɗan Rakiya Aka Ba Gado

An sallamo Baba ran Laraba, da ƙafarsa ya fito, har yana yi wa mai keke faɗa don ya afka da mu rami a Limawa. Alhamdu lillahi. Kafin mu sauka na gama tura wa dangi tes kaf, babban yatsana har zafi yake.

Abin dariyar, ba shi muka kai asibiti ba fa. Mama muka kai.

Mama akwai jiki, ƙugu da cinya, tubarkalla. Tun ina aji huɗu a sakandare gidanmu aka sa mata ido. Duk ranar da aka daka sakwara, Baba zai miƙa hannu kwanonta ya kwashe nama da ganda, ya ce, "Hajiya, taimakonki nake, kitse ba naki ba ne." Ni kuma ina gefe ina zuga shi. Shi ai a wurinmu siriri ne, hannu da ƙafa kamar sanda. Tumbin kuwa babbar riga ta rufe, wando mai zariya ne, sai dai a ƙara sassautawa. In wani ya tanka, ya shafa ya ce rufin asiri ne.

Gwiwa ce ta matsa wa Mama, muka tafi mu uku, Baba ɗan rakiya. Yana kan benci yana ta zufa yana matsa ƙeya, wai zafin Minna ne. Nas ɗin ta gama auna Mama, ta tsaya tana kallonsa.

"Baba, zo ka hau sikeli."

"Sista, ni rakiya na yo."

"Ɗan rakiya ma yana hawa."

Sikeli bai nuna wani abin tsoro ba, Baba ya waiwayo yana mana murmushi. Sai ta zaro tef irin na tela, ta ce ya ɗaga riga. Ta zagaya cikin da shi, ta ɗaura masa abin awon jini. Nan wasa ya ƙare. Jini ya hau sosai, ga suga. Likita ya ce ba inda za shi, sai gado.

Likitan ya yi mana bayani: mata da yawa ƙibarsu a ƙugu da cinya take taruwa, ta maza kuma a ciki, kuma kitsen ciki ya fi jawo irin wannan ciwon. Ya ce Mama ma ta rage saboda gwiwa, amma Baba ne abin ji.

Kwana shida muka yi. Biyun farko ko wayata ban iya dannawa ba. Duk yankan naman da na zuga shi ya ci, sai da ya dawo min a rai.

Da muka dawo gida, Mama ta yi masa faten acha. Yana kai hannu, ta riga shi, ta tsame ɗan naman da ke sama.

"Alhaji, taimakonka nake."

"To ke likita bai ce ki rage ba?"

"Ya ce." Ta jefa min a kwano. "Mai zuga za ta ci."

Baba ya yi dariya har da tari, ya cinye fatensa tas. Yanzu akwai tef rataye a ƙofar ɗakinsa, ni ce mai awo duk Asabar.

Don Allah wanda ya karanta ya tura wa wani, musamman mai uba ko yaya da ke ɓoye tumbi cikin babbar riga.