Kilishi a Gidan Ibadar Indiyawa

Ni dai a aji huɗu na firamare na yi sallama da boko, kuma ban ji an ce hedimasta ya yi kukan rabuwa da ni ba. Daga nan kasuwar shanu na faɗa, na shekara talatin da ɗoriya ina dillanci. Saniya ta gifta ta gabana, kafin ta kaɗa wutsiya na san nauyinta. Digirina ke nan.

'Yata ce ta tsinci bokon a inda na yar. Cikin shekarun casa'in tana karatun digiri na uku a garin Greensboro na Amurka, tana haya a wani ɗan gida a unguwar Glenwood, ta aiko mini da tikiti in zo a duba mini ido. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Na iske ta gama rubutunta, saura sa hannun mutum ɗaya, farfesan da ke duba aikinta, wani Ba'indiye. In ya sa hannu a watan nan, ta zama dakta. In ya ƙi, wahalar shekara biyar ta tafi a banza.

Ran nan ta dawo daga makaranta, ta jingine kekenta, ta ce Farfesa ya gayyace mu ranar Lahadi wurin ibadarsu, suna da biki. Daga can kuma zai kai mu gidan wasu masu zuhudu, masu aske kai da yafa mayafi ruwan ɗorawa, wai haka ya saba zagayawa da baƙinsa.

Ta ce, "Baba, kallo kawai za mu yi. Ba wanda zai ce ka yi sujada."

Na ce, "To in na ce ba ni zuwa?"

"Ai na riga na ce masa za ka zo."

"Ashe sanarwa kika kawo mini, ba shawara ba."

Kwana biyu hankalina bai kwanta ba. In aka ce kowa ya duƙa wa gunki fa? In na duƙa na saɓa wa Allah, in na ƙi na ɓata wa Farfesa. Duk da haka ban manta da tarbiyya ba: ba a zuwa wurin babban mutum hannu rabbana. Akwai wani ɗan Nijar da muke haɗuwa a masallaci, yana yin kilishi a gidansa, mai kyau, irin wanda in ka ɗaga shi kana hango rana ta cikinsa. Na karɓo ƙunshi guda. Ban gaya wa Uwata ba, don duk abin da na tashi yi a ƙasar nan amsarta ɗaya ce: "Baba, nan ba a yin haka."

Ranar Lahadi Farfesa ya taso daga unguwarsu Sedgefield ya ɗauke mu a motarsa, tsohuwarsa na zaune a gaba. Na sa farar babbar riga, kilishi a aljihun ƙirji, da niyyar in miƙa masa in za mu rabu.

Wurin yana can bayan gari. A bakin ƙofa na ga takalma jibge kamar ranar Juma'a, har na ji sanyi a raina, na ce mutanen nan sun san ladabi. Ina sunkuye ina cire nawa, Uwata ta matso kunnena.

"Baba, na manta ban gaya maka ba. Ko an tambaye ka, kada ka faɗi sana'arka. Ba sa cin nama. Saniya kuwa kamar uwa take a wurinsu."

Na ɗago a hankali. Farfesa ya kulle mota, makulli na aljihunsa, ga shi ya riƙe mini ƙofa yana murmushi. Bayana jama'a na turowa. Haka na shiga ɗakin ibadar mutane da cinyar uwarsu a ƙirjina.

Aka zaunar da mu a ƙasa, ni kusa da tsohuwa. Ana kaɗa ƙararrawa, hayaƙin turare ya cika ɗaki, gumakan nan an rataya musu furanni. Duk ban kula da su ba. A bangon da ke fuskantata hoton wata farar saniya ne, ta zuba mini ido. Na san idon nan. Irinsa nawa na raka mayanka?

Ɗaki ya yi zafi, kilishi ya fara aikinsa. Na ji ƙamshin yaji na tasowa ta wuyan riga. Da na saci kallon ƙirjina, sai ga mai ya keto takarda, ya yi ɗan tabo ja. Na ɗora tafin hannu na rufe. Tabo ya faɗaɗa, na ƙara ɗaya hannun. Wani mutum a gefe ya gan ni hannu biyu a ƙirji, gumi na zuba, ya gyaɗa mini kai, wai shi ya ga wanda ibada ta ratsa.

Limaminsu ya zagayo da fitila a kan faranti. Da ya iso kanmu Farfesa ya yi masa magana, limamin ya sunkuyar mana da kai ya wuce. Abin da na kwana biyu ina tsoro ke nan, ko minti bai ɗauka ba.

Sai tsohuwa ta fara shinshina. Ta ce wa ɗanta wani abu da yarensu, ɗan ya juya shi Turanci, Uwata ta juyo mini da shi Hausa.

"Wai tana jin ƙamshin citta da kanumfari da gyaɗa, ya tuna mata kicin ɗin uwarta. Wane turare ka shafa?"

Kafin in ƙirƙiro sunan turare idon Uwata ya sauka a kan tabon da ya leƙo ta tsakanin yatsuna.

"Baba. Mene ne a aljihunka?"

"Tsaraba."

"Tsarabar me?"

"Ta sana'a."

Ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan haka ba. Ta ce, "Zan ce man zafi ne."

Na so in bar ta. Amma tsohuwa na kallona da fara'a, tana jiran sunan turaren uwarta. Na miƙe, na yafito Farfesa, muka fita baranda, Uwata na biye. Na kira Turancin aji huɗu, kalma uku suka amsa: nama, saniya, haƙuri. Na zaro ƙunshin.

Ya ja da baya taku ɗaya. Bai yi faɗa ba, ni kuwa na fi son a ce ya yi. Ya tambayi Uwata ko na aje shi a wani wuri a ciki. Ta ce a'a, yana jikina tun daga gida. Ya nuna mini durom ɗin shara can ƙarshen filin motoci. Na taka kwalta mai zafi ba takalmi na je na jefa. Kafin in dawo ya koma ciki wurin limamin. Mu kuwa a waje muka tsaya har aka tashi.

Ba a je gidan masu zuhudun ba. A mota gilasai a sauke, tsohuwa da ba a gaya mata komai ba tana ta miƙo mini ayaba.

Mako uku Farfesa bai nemi Uwata ba. Ita kuwa tuwo dai take aje mini ta shige ɗaki. Kullum la'asar ina bakin taga ina sauraron ƙarar kekenta, ina karanta fuskarta tun daga kan kwana.

Ranar da ya sa hannu, ta shigo ta shimfiɗa takardar a gabana, ta nuna mini wurin da yatsa. Na yi hamdala har sau uku.

Ta ce, "Ya ce a gaishe ka."

Na ce, "Da fara'a ya faɗa, ko ba fara'a?"

"Ban sani ba, Baba. Sakatariyarsa ce ta ba ni saƙon."